Dou Mancang, Mai Gadin da Ba Ya Hawa

Duk wanda ya zo Haikalin Sheƙar Tsattsewa, Dou Mancang zai fara gani. Yana zaune a bakin ƙofar ƙasa kan kujerar gora, butar shayi a gefe, yana taje gemu. Ya haura saba'in. Baƙi suna son sa. Ni ba na son sa, kuma ba zan ɓoye ba.

Sunana Lei Gaihua. Taliya nake sayarwa a gindin dutsen da haikalin ke maƙale a jikinsa, taku ashirin daga kujerarsa. Shekara goma sha tara ke nan ina jin labarin nan nasa, har na haddace inda yake tsayawa ya yi tari. Wai a 1967, da matasa suka zo da guduma za su farfasa gumakan Malamai Uku da ke ɗakin sama, shi ne ya riga su hawa, ya zare katako bakwai daga gadar da ke manne da dutse, aka rasa mai tsallakawa. Sai ya nuna sama da sandarsa, baƙi su ɗaga kai suna riƙe baki.

Ƙarya yake yi. Mahaifina ne ya zare katakon.

Marigayi mahaifina, Lei Shuanzhu, kafinta ne kamar ubansa. Shi ke shafa wa gumagumai mai, waɗanda kakanni suka cusa cikin dutse suke ɗauke da haikalin gaba ɗaya. Katakan gadar babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu. Kowanne da ɗan icen da ya maƙale shi, sai ka san gefen da za ka buga ya saki. Amma mahaifina yana da in'ina, kafin ya haɗa magana ɗaya mutane sun watse, don haka bai taɓa ba da labarin a taro ba.

Mancang yana wurin ranar, wannan kam gaskiya ne. Shi ne a gaban matasan, jan ƙyalle a dantse, gudumar babansa a hannu. Ya iso inda katako ya ƙare, ya leƙa ƙasa, ya hango kogi kamar zare, ya durƙushe a wurin ya kasa juyawa. Abokansa suka juya suka bar shi. Mahaifina ne ya goyo shi ya sauko da shi. Bayan kwana biyu Mancang ya tsaya gaban jama'a ya nuna mahaifina da yatsa, ya ce shi ya zare katakon. Aka rataya wa mahaifina allon laifi a wuya, ya ƙare hunturun nan yana kwasar kashin aladu.

Daga nan rayuwar Mancang ta tafi sumul. Zamanin gonar gama-kai shi ne mai busa usur, ban san wanda ya taɓa ganin sa da fartanya ba. Ya shiga ramin kwal wata huɗu, ya fito ya ce ƙirjinsa na ciwo. Da zamani ya juya aka ce haikali gadon kakanni ne, sai ga shi da carbin katako a wuya, ya riga kowa kunna turare. Tsohon sufin haikalin ya mutu, aka damƙa masa makullin ƙofar ƙasa. Kuma tun ranar da aka goyo shi bai sake taka gadar nan ba. Kowa a ƙauye ya sani. In baƙi suka ce ya raka su, sai ya dafe gwiwa. Amma zauna ka ji yana siffanta ɗakin sama, Buddha a tsakiya, Laozi da Kongzi a gefensa, Malamai Ukun ke nan, wai da hannunsa yake goge musu ƙura!

Bara aka gama gyaran rufi. Al'adarmu ce in an yi gyara a kafa dutse, a sassaƙa sunayen waɗanda suka yi wa haikali hidima. Wanda ke farfajiya yanzu ya fi shekara ɗari uku, har yau ana karanta shi. Shugaban ƙauye, Geng, ya tara mu da hantsi ya karanta abin da za a sassaƙa. Layin farko: Dou Mancang, wanda ya ceci ɗakin Malamai Uku. Na saurara har ƙarshe, babu sunan mahaifina.

Na ajiye ludayina na ce, "Shugaba, wa ya ba ka wannan rubutun?"

Geng ya ce, "Yaya Gaihua, a bar tone-tone. Abin da baƙi suka sani ke nan."

"Baƙi ne suka kwashi kashin aladu?"

Mancang ya yi murmushi yana shafa gemu. "Ke 'yar Lei, lokacin ko cikinki ba a yi ba. Koma kan tukunyarki, taliyarki za ta dame."

"Taliyata lafiya lau, Baffa Dou. Kai ka zare katakon, ko?"

"Da hannuwan nan."

"To madalla. Ban ce ka zare ba, ka tsufa. Hau kawai ka nuna wa Shugaba daga inda ka fara, ka ɗora ƙafa a kai."

"Gwiwata..."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Gwiwar da ta kai ka bikin gidan Gao jiya, har da rawa?" Aka kwashe da dariya.

Na ɗauka zai zage ni ya tafi gida. Sai ya miƙe, ya jefar da sandar. Wannan kaɗai zan yaba masa. Ya hau matakala, muna biye da shi, ni da Geng da rabin ƙauye. Ya taka katakon farko, ya taka na biyu, yana shafa dutse da tafin hannu. A na biyar iska ta taso daga kwari, dogayen dirkokin da ke ƙarƙashin gadar suka motsa kamar yadda suka saba. Mancang ya durƙushe, ya rungumi gindin shinge, ya runtse ido. Inda aka zare katakon kuwa yana gaba da taku talatin.

Geng ya sa ƙafa, gadar ta ɗan yi ƙara, Mancang ya kurma ihu kada ya matso. Geng yana da ƙiba. Sai duk aka juyo ana kallona, don ni tun ina ƙarama nake bin mahaifina kan katakan nan.

Na je na tsaya a kansa. Ban miƙa hannu ba.

"Gaihua," ya ce, "kama ni."

"Wa ya zare?"

"Ki ji tausayin tsufana."

"Wa ya zare, Baffa? Ɗaga murya, Shugaba ba ya ji sosai."

"Shuanzhu! Shuanzhu ne! Ni... ni goyo na ya yi."

"Wa ya nuna shi da yatsa?"

Ya yi ta kuka yana jijjiga kai. Na daɗe a tsaye, sannan na kama shi ta wuyan riga na jawo shi baya, katako ɗaya bayan ɗaya. Ban goya shi ba.

An kafa dutsen a watan tara. Layin farko: Lei Shuanzhu, kafinta. Geng ya maƙala Mancang a layi na shida, wai mai gadi na shekara talatin. Na yi faɗa, aka ce ai ya yi gadin. Maganar yatsa kuwa babu ta a dutsen, kuma har yau Mancang bai buɗe baki ya nemi gafara ba. Na kai mahaifiyata farfajiyar a keken guragu. Ba ta iya karatu ba, na ɗora yatsanta kan sunan, ta bi shi sau biyu, ta ce in mayar da ita gida, sanyi take ji.