Ranar da na toshe hanci a zauren surukina

Shekarun baya, a shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, ina aikin buga tafireta a wata makarantar sakandare a nan Katsina. Lokacin ina da zuciya kamar kuturu, ga zafin siyasa ya ƙara mini. Wata rana na dawo gida ana shirin faɗin sakamakon zaɓe, na tarar matata ta ba maƙwabta aron rediyona. Na yi ta faɗa, har na yi ƙwallo da tulun ruwa ya fashe. Ta goya ɗiyarmu, ta ja mayafi, sai gidansu a Ƙofar Durbi. Yaji na uku ke nan.

Surukina ya aiko cewa in zo biko ranar Juma'a bayan la'asar, tare da babba. Ya ce in muryata ta ɗaga ko sau ɗaya, in ajiye takardar ɗiyarsa in kama gabana. Hankalina ya tashi, don ina son matata, kuma na san halina.

A makarantar akwai wani dattijo Ba'indiye mai koyar da lissafi, ya daɗe a garin har yana gwamutsa Hausa. Da ya ga na ɓata masa takardar jarrabawa sau uku, sai ya ce, "Malam, kanka akwai wuta." Na ba shi labari. Ya ce a ƙasarsu akwai wani numfashi na sanyaya jiki: ka danne ƙofar hancin dama da babban yatsa, ka shaƙi iska a hankali ta hagu, sannan ka rufe hagun ka sake ta ta dama. Wai dama ta rana ce mai zafi, hagu ta farin wata ce mai sanyi.

Na ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kwana uku ina yi a tsakar gidanmu a Ƙofar Kaura. Mahaifiyata ta kama ni.

"Ni 'yasu! Mi nake gani? Asara ka fara sha, tabar hanci?"

"Inna, maganin fushi ne."

"Ta hagu? Yaushe ka ji alheri ya shigo ta hagu? A'uziyya ba ta ishe ka ba?"

Na ce zan haɗa duka biyu.

Ranar Juma'a muka tafi da baffana, ƙanen mahaifina. Abin da na manta shi ne, gidan surukaina gidan daddawa ne. Surukata ke dafa kalwa, surukina ke sayarwa a Babbar Kasuwa. Kuma ranar aka buɗe kalwar da ta kwana a rufe, warin har bakin titi. Duk unguwar an san abin da dattijon nan ba ya yafewa: a yamutsa fuska a ƙofar gidansa.

Muka zube a zaure, aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da kasuwa. Sannan ya shiga lissafo laifuffukana ɗaya bayan ɗaya, kaina a sunkuye. Can sai ya ce, "Ko da yake ba laifinka ba ne. Haka yaron da ya tashi babu uba a gida yake."

Mahaifina ya rasu ina shekara bakwai. Na ji wani zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa wuya, magana ta zo bakina. Ban san lokacin da na runtse ido na kai yatsa ga hanci ba. Na shaƙa, na sake. Na kuma shaƙa.

Baffa ya mintsine ni a cinya. Da na buɗe ido, surukina na tsaye, yana duban baffa.

"Malam, ka ga ɗanka? Gidana ke mashi wari! Da warin nan na ciyar da wadda ya zo nema. A kawo mashi takarda da biro!"

Amma abin mamaki, da na buɗe baki sai muryata ta fito a kwance. Na ce, "Baba, wallahi ba daddawa ba ce. Ni da miya ba ta shiga bakina in babu ita? Maganar mahaifina ce ta sosa mini rai. Na ji zan sake yin abin da ya kawo ni nan, shi ne nake kashe wutar." Na ba shi labarin Ba'indiye.

Ya ce, "Yi in gani."

Na yi. Ƙato da ni, durƙushe gaban suruki, ina jan iska ta hanci ɗaya kamar mai mura. Daga bayan ƙofar cikin gida na ji dariya ta ƙwace wa surukata.

Dattijon ya koma ya zauna. Ya ce, "Maganar mahaifinka da gangan na yi ta, in ji abin da za ka yi. Allah ya jiƙan shi, mutumin kirki ne." Ya juya ga baffa. "Shekara talatin ana toshe hanci a ƙofar gidan nan. Yau na ga wanda ya toshe don ya riƙe bakinshi."

Kafin magariba matata ta fito da goyonta da ƙullin daddawa. Ban taɓa jin sanyin rai irin na ranar ba.

Har yau ban sani ba ko iskar hagu na da sanyi da gaske. Abin da na sani, ba ka iya yi wa mutum tsawa hannunka na kan hancinka, kuma kafin ka shaƙa sau biyar, mugunyar maganar ta wuce. Ɗiyar nan da aka goya ranar ta aurar da tata ɗiyar. Zuciyar tana nan, ba ta mutu ba. Amma duk ranar da muryata ta fara hawa, sai matata ta dube ni, ta ɗora yatsa a kan hancinta.