Waƙoƙi Biyu da Rasaki Ya Yi Mini

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Rasaki makwancinsa, kuma har yau bai gaji da ba ni kunya ba. Ni ne Istifanus, tsohon ma'aikacin gwamnati, dattijon coci, mai jikoki. A watan jiya 'yarsa ta zo mini da wata tambaya da ta hana ni jin daɗin tuwo har kwana uku, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara gaya wa yaran yanzu ko wane ne shi. Rasaki Bayarabe ne haifaffen Jos, mahaifinsa yana da rumfa a kasuwar Katako. Muna samari kiɗan rok ya shigo gari da jitarsa mai lantarki, muka kafa ƙungiya mu huɗu, shi a kan jita da waƙa, ni a kan ganguna. Sauran ƙungiyoyi suna ta fama su kwaikwayi faifan Turawa tiryan-tiryan. Shi kuwa sai ya ɗauko zarton babansa, ya lanƙwasa shi tsakanin gwiwoyi, ya dinga goga masa bakan goge har ya yi kuka kamar akuyar da aka raba da 'ya'yanta. Ya je Bukuru ya kwaso tsofaffin kwanonin wankin kuza ya jera mini kusa da ganguna. A wasan da muke yi kowace Lahadi da la'asar, daidai lokacin da 'yan mata suka fara rausaya, sai ya tsayar da kiɗa cak, ya gyara murya irin ta mai karanta labarai a rediyo, ya hau cigiyar tunkiyar da ba ta ɓata ba. Mutane su fita suna zagi, mako mai zuwa su cika ɗakin.

A lokacin ana yayin hipi. A mujallu muka gan su: samarin Turawa masu tara gashi da rataya duwatsu a wuya, wai sun yi watsi da duniya, sai ƙauna da zaman lafiya. A unguwarmu ta Congo-Russia ni ne uban tafiyar wannan hauka. Na tara suma, na daina sa takalmi duk da sanyin Jos, kullum in hau dutse in rufe ido wai ina sauraron halitta. Amma ƙarfe biyu na bugawa ina gida gaban kwanon gwaten mamata.

Rasaki yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba. Ba ya yi wa mutum waƙa a bayan idonsa. Wanda za a yi wa shi zai fara ji, kuma ba za a rera ta a fili ba sai ya yarda ya zo ya zauna. Haka na kaɗa gangar waƙar da aka yi don a ci mini fuska, labarin wani waliyyi da ke barin duniya daga safe zuwa lokacin abincin rana. Rasaki ya gayyato mamata, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ni ma na yi, domin ƙarya ce kawai babu a ciki. Kafin wata ya ƙare na kai kaina wurin wanzami.

Manyan gari suka ji ana dariyar masu suma, suka ɗauka sun sami ɗan gida. Suka gayyace shi liyafa. Ya tambaye su sau biyu ko sun yarda a yi musu waƙa, suka ce ƙwarai kuwa. Ya kwaikwayi jawabinsu na buɗe taro da jita, tari da gyaran murya da komai, babu kalma ko ɗaya, kuma kowa a wurin ya gane wanda ake nufi. Ba su sake gayyatarsa ba. Ina alfahari da wannan rana har gobe, domin na ga mutumin da bai ji tsoron masu kwat ba, bai kuma raga wa abokansa marasa takalmi ba.

Sai ni ma na sa kwat ɗin. Na sami aiki a wani ofis, na bar ganga, na yi mota da tumbi. Wata safiya Rasaki ya shigo da jaka a kafaɗa, ya ce gaisuwa ya kawo, ya zauna a benci cikin masu jiran takardu kusan awa biyu. Ashe rikoda ce a jakar. Bayan mako biyu ya zo gidana da kaset. Ya yanka tef da reza ya liƙa, ya mai da ƙarar tafireta da bugun hatimi suka zama kiɗa, a samansu kuma muryata ce take ta maimaitawa: a dawo gobe, a dawo gobe. Ya ce, "Oga Isti, tun da ka bar ganga, na ce bari ofis naka ya kaɗa mana." Waƙar minti bakwai ce. Ban kai minti biyu ba na kashe, na nuna masa ƙofa.

Shekara shida ban yi masa magana ba. Mun shirya da shi ne ranar jana'izar mamata, inda na same shi tun asuba yana jera kujeru da 'yan coci kamar ɗan gida. Daga nan har ya rasu bai sake tayar da zancen waƙar ba, bai kuma taɓa sa wa kowa ita ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai yi da Jos ta yau. Masu sumar da muka hau dutse tare sun zama alhazai da fastoci, su ne ke faɗa da jikokinsu a kan aski. Jikokin kuma suna hawa duwatsun nan dai, su rufe ido, wani yana ɗaukarsu hoto da waya. Na tabbata da zai sami aikin yi har ya rasa wanda zai fara da shi. Amma zai yi mamakin yadda yanzu ake yi wa mutum dariya a waya ba tare da an dubi idonsa ba, mai yin ma ya ɓoye sunansa.

To, 'yarsa Sidikatu ta buɗe akwatinsa ta sami kasakasai, wasu matasa masu situdiyo kuma suka ce za su gyara su a sa a intanet. Ta zo ta durƙusa ta miƙo mini guda. Ta ce, "Baba, Dadi ya rubuta a jiki wai kada a sa wannan sai kun yarda. In ba ku so, za mu cire shi, babu wanda zai sani."

Gaskiya na so a cire. Ni ake kira sulhu in ma'aurata sun saɓa, surukaina suna cire hula in sun gan ni, kuma duk wanda ya kai shekaruna a garin nan ya san muryata. Bayan kwana ukun nan na ce mata bari dai in ji da kunnena tukuna.

Muka je situdiyon da rana. Suka kunna, na daure na wuce minti biyun da na sani. Jita ta yi ta kuka, hatimi yana sauka, ni ina ta korar mutane. Can wajen ƙarshe sai komai ya tsaya, irin tsayawar nan tasa. A cikin shirun wata tsohuwa ta yi magana a hankali: "Oga, gobe kuma? Daga Bukuru ni na zo fa. Yau sau huɗu." Daga nan tef ya ƙare.

Na zauna ban iya ɗaga kai ba. Kusan shekara arba'in ina ɗauka abokina ya yi waƙa don ya wulaƙanta ni, ashe wannan mata ya kawo mini har gida, ni kuwa na kashe rikoda kafin ta buɗe baki. Ban tuna fuskarta ba. Ban san takardar da ta zo nema ba, ban kuma san ko ta samu ba.

Na ce wa Sidikatu a sa, kada a taɓa ko daƙiƙa ɗaya, a kuma rubuta sunana a jiki ɓaro-ɓaro. Za a yi dariya a coci, na sani, su yi. Zarton Rasaki ya yi tsatsa, jitarsa ba ta da tsirkiya ko ɗaya, amma ya bar abin da har yanzu yake iya zaunar da dattijo ya gaya masa gaskiya, kuma ya yi haƙurin jiran izinina har bayan ransa. Ban taɓa yin aboki irinsa ba, ina kuma gode wa Allah da ya sa na kaɗa masa ganga.

Idan waƙar ta fito, wanda duk ya gane muryar mahaifiyarsa ko kakarsa a ƙarshenta, don Allah ya neme ni. Akwai haƙurin da na makara ƙwarai ban bayar ba, ina so in bayar tun ina da numfashi.