Kifin Da Na Bayar Ya Fi Nawa Kyau

Ina shiga falon ƙanena Nura a Kurfi, idona ya faɗa kan tankin gilashin da yake kiwon kifin ado, na ma manta ana gaishe ni.

Wani ɗan kifi da ake kira gurami ne ke yawo a ciki, ja da shuɗi kamar sabuwar atamfa. Ƙananan kifaye na zagaya shi, babu mai taɓa wani.

"Nura, ina ka samo wannan?"

"Yaya, ai naka ne. Wanda ka ce in ɗauka kafin ya mutu maka a gida."

Wallahi sai da na nemi kujera. Biyu na saya, duk maza, don kada kaɗaici ya dame su. Babban ya dinga korar wannan har ya koɗe, na ba Nura shi a roba. Wanda ya rage kuma na kawo masa 'ya'yan karfasa daga dam ɗin Zobe su taya shi zama. Yanzu sun ciccije wutsiyarsa ta koma kamar tsumma.

"Me kake ba shi?"

"Abincin da ka ba ni. Maƙwabta kawai na zaɓar masa, ƙanana marasa cizo, kuma babu namijin irinsa. Zakara biyu ba sa kwana a akurki ɗaya."

Na ce masha Allah, amma da ƙyar ta fito. Har na iso Dutsin-Ma ina tsaki a kan babur.

Jama'a, ku gaya mani gaskiya: kyautar da ka yi tana bakin mutuwa, in ta warke, ba za a iya cewa aro ba ne?