Zaren Baba da Auta

Babanmu gyaran keken ɗinki yake yi, a wani ɗan shago mai warin mai, inda ko kujerar baƙo babu. Taurin kai kuwa, wallahi ba a magana. Da ƙaninsa Auta ya bar shagon ya tafi aiki ƙasar waje, ya turo imel mai taken "Na iso lafiya", Baba ya amsa masa da cewa ya zauna can, kada ya ƙara kiransa yaya. Auta bai ƙara ba.

Da fushin ya huce, Baba ya shiga rubuta masa. Bai taɓa buɗe sabon saƙo ba, kullum sai ya nemo wancan tsohon ya danna amsa. Na yi masa bayani har bakina ya gaji, cewa manhajar tana haɗa saƙonni masu take ɗaya ne su zama zare guda, kuma sabo ma zai isa.

"Ke dai bar ni," in ji shi. "A nan maganarsa take a sama."

Haka ya yi shekaru: labarin auren babban yayanmu, rasuwar Inna mahaifiyarsu, ciwon idonsa, har keken da ya gagare shi. Amsa ko ɗaya babu. Ni abin haushi yake ba ni, shi kuwa tsoronsa kada ya mutu ƙaninsa bai yafe masa ba.

Ran nan ya kira ni shago. Ya aika saƙo, sai ya gan shi tsaye shi kaɗai, babu maganar Auta a samansa. Na duba, ashe zaren ne ya cika saƙo ɗari, manhajar ta yanke ta fara sabo. Na nuna masa tsohon yana nan, amma ina! Ya ce an raba su ke nan. Ranar ko abinci bai ci ba.

Washegari amsa ta shigo, ni na karanta masa saboda idon.

"Yaya, tun ranar da ka kore ni na toshe wancan zaren, ban san kana rubutu ba. Jiya da sabon saƙonka ya shigo shi kaɗai, sai na buɗe tsohon. Yanzu karatuna ya kai wurin rasuwar Inna."

Baba ya ajiye sukurdirebansa. Ya ce in sake karanta masa kalmar farko.