Talotalon Mista Famfo

"Ba haka ake yi ba!" Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na bayan Bagwai ya san mai wannan magana. Mista Famfo ke nan, Baturen da ya zo haƙa rijiyar burtsatse, kamfaninsu ya tattara ya tafi, shi ya ƙi tafiya. Katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa, kuma shekara da shekaru yana gyara mini komai, daga ɗaurin jaki har shan koko.

Abin ya fi muni idan Kirsimeti ta zo. Mu muna takure a bakin wuta muna karkarwa, shi zai fito da gajeren wando yana fifita da kwali, ƙafafu jawur kamar figaggen zakara.

"Malam Sule, wannan zafi! Ina aka taɓa yin Kirsimeti da gumi?"

"To ka koma inda ake yi da ƙanƙara mana!"

"Wurin wa?" in ji shi, ya shige gida.

Da sama ta ƙi ba shi ƙanƙara, sai ya haɗa tasa. Ya saro reshen gawo ya kafa a ƙofar gida, ya lulluɓe shi da farar auduga. A shekarar fari fa, jama'a! Kafin la'asar tsofaffin unguwa sun tsince audugar, awaki sun gama da ganyen. Ya fito ya tarar da sanda tsirara.

"Wa ya sace mini ƙanƙara?"

Inna Ladi, tana kaɗa zare a gabansa ko kunya babu, ta ce, "Narkewa ta yi, Bature. Ba kai ka ce ana zafi ba?"

Sai batun talotalo. Shekara guda yake kiwon abinsa, yana auna masa dawa da cokali, ko kajin maƙwabta ba sa samun ƙwaya. Ran biki ya jera kujeru shida, ya gayyace mu mu shida. Amma taurin kai ya hana shi ba wani yanka. Shi zai ɗora wuyan tsuntsu a kan kututture ya sare da gatari, wai haka kakansa yake yi. To wa zai ci mushe? Mu je mu gaishe shi, mu ce mun ƙoshi, ciki yana ƙugi. Shekara biyar yana ci shi kaɗai a gaban kujerun da babu kowa, mu kuwa muna leƙe ta katanga muna dariya. Yau idan na tuna, kunya nake ji.

Shekarar da gero ya ƙone a gona, na same shi yana wasa gatari. Na ce, "Don Allah ka bari Liman ya yanka." Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya dubi kujerun nan. Can ya ce, "Kira shi."

Wuƙa na sauka labari ya zagaye gari. Kai! Har masu cewa ba su zuwa bikin Nasara, su ne a gaba da manyan kwanuka.

"Shida na ce!"

Liman ya gyara rawani ya ce, "Ai mu shida ne. Sauran rakiya suka yi mana."

Talotalo ɗaya bai kai ko'ina ba. Mutumin da ke auna dawa da cokali ya jawo buhunan geronsa biyu, na ƙarshe, ya ce mata su tuƙa tuwo. Shi bai samu nama ba, bai samu kujera ba. A tsugune ya ci, hannunsa cikin kwano ɗaya da namu, hawaye na bin gemunsa, yana cewa yaji ne.

Bai ga wata Kirsimetin ba, da damina zazzaɓi ya ɗauke shi. Lamarinsa yana wurin Allah, wanda Ya fi mu sanin bayinSa. Ni dai roƙona, Allah Ya yafe mana shekaru biyar ɗin nan, kada kuma Ya sake bari baƙo ya ci abinci shi kaɗai a garinmu. Amin.