Hafizu Arbit: An Yafe, Ba a Janye Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Hafizu ya riga mu. Ranar Talata 6 ga Mayu 2025, da hantsi, ina tsakiyar aji, ƙanwarsa Tahira ta kira ni ta ce, "Mushe, Yaya ya huta." Mushe, haka ɗalibai ke kiran malami a nan. Allah ya karɓi ran Hafizu ɗan Maman Lawali na Jiratawa, wanda filayen ƙwallon Maraɗi suka sani da Arbit, wato alƙalin wasa, yana da shekara ashirin da huɗu. Ajali na Allah ne. Sanadi kuwa ciwon huhu ne da sigarin lantarki, abin nan da samari ke ce wa paf, ya bar masa. Na ambaci sunan abin tun daga farko, Hafizu, domin kai ka hana mu ɓoye shi.

Ka zo mana lise, wato makarantar sakandare, daga Jiratawa, ka sauka gidan gwaggonka a unguwar Zariya. Ni na koya maka kimiyya, kuma ni ke kula da ƙungiyar matasa da ke haɗuwa a filin makaranta duk Asabar. Ba ka iya buga ƙwallo ba, kowa ya sani, kai ma ka sani. Sai ka ɗauki usur ka zama alƙalin wasa. Ba zan manta ranar da muka kara da ƴan Tibiri ba. Ina bakin fili ina ta ihu cewa an yi mana rashin adalci, ka tsayar da wasa, ka tako har gabana, ka ɗaga mini katin gargaɗi.

"Mushe," ka ce, "a aji kai ke da alli. Nan ni ke da usur."

Filin ya kwashe da dariya, har da ni. Washegari ka kawo mini zogale da tumatir daga lambun mahaifinka, ka ajiye ka tafi. Haka kake yi wa ɗaliban da suka zo daga ƙauye ba su da kowa a gari. Duk Litinin jakarka ta fi ta kowa nauyi, kuma ba littattafai ne suka cika ta ba.

A shekarun nan ne wani shago kusa da makarantar ya fara sayar da paf. Ana ce wa yara ba taba ba ce, tururi ne kawai mai ƙanshin mangwaro. Ba toka, ba wari, ba leɓe mai baƙi da zai tona asiri. Mahaifiyarka, Inna Zuliha, ta taɓa samun ɗaya a aljihunka tana wanki. Ta shinshina, ta ɗauka turare ne, ta goge shi da gefen zanenta, ta ajiye maka bisa kayanka don kada ya ɓace. Har yau idan ta tuna sai ta rufe fuska. Inna, ba laifinki ba ne. An ƙera abin ne don ya wuce ta gaban idon uwa.

Shekaru ka yi kana zuƙa. Tari ya fara, sannan haki. Wata rana a Tibiri ka sa usur a baki don ka tashi wasa, sauti bai fito ba. Ka sake gwadawa, sannan ka zauna a ƙasa. An auna tarin fuka, babu. An ba ka maganin asma, bai yi ba. Sai a Yamai likita ya duba hoton ƙirjinka ya ce ƙananan hanyoyin iska na huhunka sun yi tabo, sun tsuke, kuma irin wannan tabon ba ya warkewa. Ka riga ka daina sha a lokacin, amma ɓarnar ta zauna.

Dangi suka ce a riƙa cewa sanyi ne ya kama ka, don a rufa asirin gida. Ka ƙi. Ka sa aka riƙa kawo ka filinmu ranar Asabar, da tulun iska a gefenka da roba a hanci. Ka raba wa matasa tsinken shan lemo, ka ce kowa ya toshe hanci, ya yi numfashi ta cikin tsinken, ya zaga fili da gudu. Ba wanda ya kai rabi. Da suka dawo suna haki, ka jira har suka yi shiru, ka ce, "Ku kun cire naku. Ni da nawa nike kwana." Na yi shekaru ina zana huhu a allo, ban taɓa ganin aji ya fahimta kamar ranar ba.

Ba ka tsaya nan ba. Ka nemi Metir Yunice, lauya ƴar Tibiri, wadda ƙanenta abokin ajinka ne. Ta zo har Jiratawa, ta zauna bisa tabarma tare da iyayenka, ta yi bayani ba ƙari. Ta ce wanda aka cutar yana iya kai ƙara a kan mai shagon da kuma ɗan kasuwar da ke shigo da kayan, yana iya neman diyya. Ta ce a nemi shaidar likita, a adana fankon paf da kwalayensu, a samo waɗanda za su shaida cewa kana yaro aka fara sayar maka. Ta ce idan ta Allah ta kasance, magada suna iya tsayawa a madadinka. Ba ta yi alkawarin nasara ba. Ta faɗa mana cewa haɗa ciwo da sanadinsa a gaban alƙali aiki ne mai wuya, kuma masu ƙera abin suna can wata ƙasa mai nisa.

Ka ce, "Metir, ko za a ci mu, a buga wasan." Aka shigar da ƙara.

Abin da ya faru ranar sadakar uku shi ya sa na ɗauki alƙalami. Muna zaune a ƙofar gidanku sai ga mota ta tsaya, aka sauke buhunan shinkafa da sukari. Wakilin ɗan kasuwar ne, tare da wasu dattawa. Bayan addu'a, babbansu, wani Alhaji, ya ce sun zo neman yafiya, kuma tunda kwana ya ƙare, a janye maganar kotu, kada a ce gidan nan na jayayya da hukuncin Allah. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san nauyin wannan roƙo. A zaman makoki ba a neman yafiya a hana. Na ga kawunnanka sun sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan, aikinka ya bi ka kabari.

Mahaifinka, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Yafiya dai, Hafizu ya riga ku," ya ce. "Ya ce in shaida muku ya yafe, tsakaninshi da Allah. Ni ma na yafe. Amma ya ce ƙarar ba tashi ba ce shi ɗai. Alhaji, shagon nan an ruhe shi?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"To ɗiyan mutane na nan suna saye. Hakkinsu ba nawa ba ne da zan yafe. Shinkafar ga, in don Allah kuka kawo, a kai masallaci sadaka. In don ƙara ce, ku koma da abinku."

Sannan aka mayar da buhunan cikin mota, a gaban kowa.

Ga masu cewa mun rasa tawakkali, mun karɓi ƙaddara, da hannunmu muka sa shi a ƙasa. Ba mutuwa muka kai ƙara ba, masu sayar wa yara guba da ƙanshin mangwaro muka kai. Iyaye, ku duba abin da ke ƙanshi a aljihun ƴaƴanku. Wanda ya fara haki, a kai shi asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da yake zuƙa, kada a ce sanyi. Kada a zubar da fanko don kunya, a ajiye, a nemi lauya. Tun bayan rasuwarka gidaje biyu sun je wurin Metir Yunice, ɗaya daga Tibiri, ɗaya daga nan Zariya. Ba kai kaɗai ba ne yanzu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Baba Maman Lawali, da Inna Zuliha, da Tahira wadda ta yi jinyarka ba gajiya, da gwaggonka, da mutanen Jiratawa, da dukan matasan da ka busa wa usur. Tahira ta ba ni usur ɗin, yana rataye a wuyana duk Asabar, amma ban busa na tashin wasa ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, Hafizu, ya yafe maka kurakuranka, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Allah ya ba iyayenka haƙuri da ƙarfin tsayuwa har ranar hukunci. Allah ya yalwata kabarinka, ya buɗe maka ƙofar Aljanna, iskarta ta riske ka, ka shaƙa har ƙirjinka ya cika. Amin.

Tanimu Abdu, malamin kimiyya, unguwar Zariya, Maraɗi