Ranar da aka fassara mahaifina a gabana

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a jami'a a Abidjan, wani malaminmu ya kira ni ofis ya ce akwai wani farfesa Bature da ya zo bincike kan 'yan kasuwar Hausawa na Adjamé da Treichville, yana neman wanda zai shiga da shi cikin mutane. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ajinmu, don haka ba a sha wahalar zaɓe ba. Na karɓa jikina na rawa. A lokacin gani nake duk wanda ya rataya jaka ya riƙe rikoda ya gama zama mutum, har na je Plateau na sayi tabarau alhali idona ƙalau yake.

Ku tuna irin shekarun da nake magana a kansu. Lokacin ne maganar wane ne ɗan ƙasa na asali ta cika rediyo da jaridu. 'Yan sanda kan tsaya a bakin tashar Adjamé, da sun ga doguwar riga da hula sai su ce a fito da katin zama. Mahaifina a goye aka kawo shi daga Nijar. A Treichville ya yi wayo, da ya yi aure ya koma unguwar Bracodi, ya kama shagon atamfa da shadda a bayan Mairie, wato ofishin magajin gari. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ƙauyensu, ta'aziyya ce ta kai shi, ya dawo da ciwon ciki da sabon suna, don can ɗan Abidjan suke ce masa. Duk da haka shi ma sai ya bi layin katin zama kamar wanda ya sauka daga mota jiya.

Farfesan dattijo ne, ya taɓa zama a Maraɗi yana saurayi. Ya iya gaisuwa tiryan-tiryan, yana cire takalmi kafin ya hau tabarma, yana ci da hannu. Nan da nan dattawa suka saki jiki da shi. Baba ya kawo shi gida, mahaifiyata ta yi masa acheke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, abincin da muke ci kusan kullum. Ya ci ya yaba, sannan ya ce wani zuwan yana son abincinmu na asali. Sai da Inna ta zaga kasuwa neman kuka mai kyau tana mita a hanya.

Mun yi watanni muna yawo. Shi yake tambaya da Faransanci, ni in mayar Hausa, in dawo masa da amsa. Hausata ma a lokacin rabinta Faransanci ce, sauran kuma da gaurayen yaren Jula, amma tana kai saƙo. Cikin tambayoyinsa akwai wadda ba ya tsallakewa: ko mutum yana da niyyar komawa gida wata rana. Wani tsohon mai goro a Treichville ya nuna sama da yatsa ya ce ai kowa gida zai koma. Wani mai takalma ya ce yanzu ma da an yi la'asar zai koma, aka yi dariya. Sauran kuwa amsarsu ɗaya ce, in Allah ya yarda.

Tun a makonnin farko na yi masa bayani. Na ce a wurinmu ba a tambayar mutum ko zai koma garin iyayensa ya buɗe baki ya ce a'a, ko da kuwa bai san hanyar garin ba. Na ce in Allah ya yarda ba alkawari ba ne, ladabi ne. Na ce mutumin da ya gina gida a Bracodi, ya sa 'ya'yansa lakwal, wato makarantar boko, a nan, ya binne iyayensa a maƙabartar Williamsville, ai ya riga ya ba da amsa. Ya saurare ni da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce wannan abin lura ne ƙwarai. Na koma gida ina jin na koya wa farfesa wani abu.

Da aikin ya zo ƙarshe aka shirya taron gabatar da sakamako a wani zaure a Treichville. An gayyato mutanen ma'aikatun gwamnati, da malaman jami'a, da 'yan jarida. Farfesa ya ce yana son ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya yi magana da bakinsa, kuma Baba yake so. Ya roƙa Baba ya yi da Hausa, wai ya fi armashi, tunda yana jin Hausa daidai gwargwado, shi da kansa zai taƙaita wa jama'a. Baba ya ji daɗi. Ya sa farar shaddarsa da ba ya fitar da ita sai Sallah, ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba in ba rasuwa aka yi ba. A ƙofar zauren akwai 'yan sanda saboda manyan baƙi. Suka tare shi, sai da na nuna takardar gayyata suka bari ya shige.

Farfesa ya yi jawabi mai tsawo. Ina zaune a layin baya ina jin kaina cikin masana, har ya iso kan abin da ya kira babban sakamakon binciken. Ya ce ya gano cewa waɗannan 'yan kasuwa, komai daɗewarsu a Abidjan, zaman wucin gadi suke yi, zuciyarsu tana can arewa, kuma galibinsu sun shaida masa da bakinsu cewa za su koma. Na ga 'yan jarida sun sunkuya suna rubutu.

Sai aka kira Baba. Ya yi sallama, ya gode wa mahukunta, ya gode wa baƙo. Sannan ya ce, a hankali yadda yake magana da mai sayen kaya:

"Ni ban san wani gari ba sai wannan. Nan na yi wayo, nan na binne uwata da ubana, nan aka haifi 'ya'yana. In an ce in koma, ban san inda zan koma ba. Abin da muke roƙo shi ne a dube mu a matsayin mutanen nan."

Farfesa ya karɓi makirufo yana murmushi. Ya gaya wa zauren da Faransanci cewa dattijon ya gode wa ƙasar da ta karɓe shi, ya ambaci iyayensa cikin kewa, kuma kamar yadda kowa ya ji, maganar komawa ba ta barin bakin irin waɗannan mutane. Aka tafa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba haka ya faɗa ba. Mai jagorantar taron ya ce madmazel ta zauna, akwai lokacin tambayoyi a ƙarshe. Ban zauna ba. Babu makirufo a hannuna, na ɗaga murya na maimaita maganar Baba da Faransanci, kalma bayan kalma. Na ɗauka shi ke nan, gaskiya ta fito.

Farfesa ko gezau. Ya nuna ni da hannu cikin fara'a, ya ce wa jama'a wannan mataimakiyarsa ce, yarinya mai ƙwazo, kuma abin da suka gani yanzu shi ne ainihin abin da ya tattauna a wani babi na littafin da yake rubutawa: 'ya'yan da aka haifa a nan ba sa son jin cewa iyayensu na kewar gida. Ya ce ya gode mini da na ba su misali a raye. Aka yi dariya, aka sake tafawa. Malamin da ya haɗa ni da shi yana layin gaba, bai ko waiwayo ba.

An zage ni a rayuwa, an kuma raina ni, amma ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba. Mutum ya karkatar da maganar ubanka a gabanka, ka tashi ka gyara, ya ɗauki fushin naka ya mai da shi hujjarsa. Na duba Baba. Ya koma kujerarsa ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa. A cikin bas, muna haye gada, abin da ya ce mini kawai shi ne ba a ɗaga wa baƙo murya a cikin taro. Na juya fuskata wajen taga har muka sauka.

Bayan 'yan kwanaki, a wurin da ake baje jaridu kusa da Mairie mutane su tsaya karanta kanun labarai, na ga wata jarida ta buga cewa baƙin da kansu sun ce tafiya za su yi, wani masani ya tabbatar. Ga hoton Baba da farar shaddarsa a ƙasa. Kafin azahar labari ya zaga kasuwa. Dattawan da suka ba farfesa shayi suka fara cewa 'yar wane ce ta kawo shi.

Mai shagon da Baba ke haya ya zo da jaridar a naɗe a hannu. Mutum ne da muke kai wa naman layya tun ina yarinya. Bai zo da faɗa ba. Ya ce tunda ashe tafiya za a yi, yana so a sanar da shi da wuri, don ɗan ƙanensa na neman wurin sana'a. Baba ya ce babu inda za shi. Mutumin ya ce to, amma ga shi a rubuce. Ƙarshen shekara bai sabunta hayar ba. Ba zan ce jarida ce ta kore mu ba, mai yiwuwa ya daɗe yana son shagonsa. Amma ita ta ba shi abin da zai riƙe a hannu ya iya kallon idon Baba ya faɗa.

Na je na sami farfesa a masaukinsa a Cocody yana haɗa kaya. Ya ce ya yi baƙin ciki, amma shi ba shi da iko da abin da 'yan jarida ke rubutawa. Na ce ba jarida nake tambayarsa ba, fassarar nake tambaya. Ya ce abin da mutane ke furtawa daban, abin da ke ƙasan zuciyarsu daban, kuma aikin masani shi ne ya ji na ƙasan. Na ce to me ya sa ya wahalar da mu watanni, ai da ya zauna a ƙasarsu ya ji na ƙasan daga can. Ya ce ina da kaifin tunani, zai iya nema mini gurbin ƙaro karatu a wurinsu. Na ce ya riƙe abinsa. Na fito na ja ƙofa da dukkan ƙarfina don ta buga, ashe irin mai komawa da kanta ce, ta rufe a hankali kamar mai ba ni haƙuri.

Baba ya koma wani lungu a shagon abokinsa kusa da tasha. Wata ranar Asabar ina taya shi ninke atamfa, na kasa haƙuri na tambaye shi ko bai fahimci abin da Baturen ya ce ba a ranar. Na san amsar, don da Faransanci yake ciniki tun kafin a haife ni. Ya ci gaba da ninki, bai ɗago ba.

"Uwata, na ji sarai. Amma kin ga waɗanda ke bakin ƙofa. Katina saura kaɗan ya ƙare. Mai neman a sabunta masa kati ba ya tashi gaban manya ya ƙaryata Bature. Da kika miƙe, ba kunya na ji ba, tsoro na ji, kada su tambayi naki."

Wannan maganar ce ta fi zauna mini, kuma ita ce har yau ba ta bar ni na huce ba. Farfesan ya san Baba na jin Faransanci, sun sha hira da shi. Ya san kuma ba zai musa ba. Ya zauna a tabarmarmu ya koyi inda bakinmu yake ɗaure, sannan ya yi amfani da shi.

Ban bar karatu ba. Na ci gaba a nan gida, da jan ƙafa, yanzu ni ma irin wannan binciken nake yi, ina kuma koyarwa. Ba na sa mutum magana a gaban wanda zai iya cutar da shi, kuma ba na buga abin da wani ya faɗa sai na koma na karanta masa ya ce haka ne. Wasu abokan aiki suna ganin ɓata lokaci ne. Su gani.

Baba ya rasu bai sake ambaton Baturen ba. Littafin kuwa ya fito, yana nan a ɗakunan karatu, ana kafa hujja da shi. Bara wata ɗalibata ta kawo mini aikinta, a shafin farko ta rubuta cewa bincike ya tabbatar Hausawan Abidjan zaman wucin gadi suke yi, ta sa sunan littafin a ƙasa yadda muka koya mata. Na ba ta makinta, don ba laifinta ba ne. Amma na kira ta ofis na ce kafin ta miƙa na ƙarshe ta hau bas ta je Bracodi ta zauna da mutane. Ta ce, Madam, ai littafin ya riga ya faɗa. Na ce mata na sani, ina cikin zauren ranar da aka faɗa.